Shanun Malam Mijinyawa

Tun da ɓarin jikin Malam Mijinyawa ya shanye, maganarsa ta koma ɗaiɗai, shanunsa ma aka sayar. Sai ya raɗa wa ƙwayoyin maganinsa sunayen shanun: Fara da Gajera da safe, Ja bayan la'asar. Matarsa Hajo ta jera a faifai, shi ya nuna da hannunsa mai lafiya, ta miƙo ruwa. Haka suke a garin Fulatan har ɗansu Yusha'u ya zo daga Ƙaraye.

"Haba Inna! Ke ba karatu, shi ba baki, ana wasa da rai? Da shi zan tafi!"

Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta ja da shi. "Ya san shanunsa, a riƙa tambayarsa," kawai ta ce. Shekara arba'in ita da Malam ba su taɓa rabuwa ba. Motar da ta ɗauke shi na tashi ta rungume faifan ta fashe da kuka.

Kwana shida sai ga Yusha'u, ido jawur. "Inna, Baffa ya faɗi. Kullum sai ya ture ƙwaya ɗaya, na ɗauka rigimar tsufa ce, nake murƙushe masa a kunu. Jiri ya kwashe shi."

A asibiti ta tarar da shi kwance, ƙugu a karye. Yana ganinta hawaye suka zubo.

"Fara... biyu," ya ce da ƙyar.

Hajo ta juya wurin nas. "'Yar nan, cewa yake an shigo da saniya ɗaya sau biyu."

Nas ɗin ta duba tsohon kwali da sabon da Yusha'u ya ƙaro daga kemis. "Subhanallahi! Maganin hawan jini ɗaya ne, kamfani ne daban. Ninki yake sha!"

Yusha'u ya zube a ƙasa. "Ku yafe mini! Kwana shida yana faɗa, ban saurara ba."

Malam bai sake takawa ba, wannan baƙin cikin ya zauna wa Hajo har yau. Amma haƙurinta ya dawo mata da mijinta ɗakinta, kuma ba a ƙara ba shi ƙwaya sai ya nuna da kansa. Wanda ciwo ya karya wa harshe bai rasa hankalinsa ba. A nuna wa ma'aikatan lafiya kowane kwali, a kuma tambayi mai shan maganin.

Washegarin komawarsu ya dubi faifan, ya dube ta.

"Sun cika," ya ce. "Har ke."