Kumfar da ta bushe a bakin bututu

Ranar Litinin da safe Loisa ta buɗe gaban motar mijinta, ta ga kwamfureson kilim, wato na'urar sanyaya mota, ba nasu ba ne. Nasu sabo ne fil, wannan kuwa tsoho, ga wani fari-farin abu ya bushe kewaye da bakin bututunsa. Mijin nata, Li'azaru, ya daɗe da tafiya haƙar zinariya arewa, tun bara kuma wayarsa ta daina shiga. Kullum Loisa takan tayar da motar ta zauna cikin sanyin, don nan kaɗai take jin kamar yana kusa.

Jandarma Zakari da ta kira ya duba kwaɗon rumfar motar, ya ga ba a fasa shi ba. Ya fara da Ruben, ƙanin mijin.

"Jiya kana ina?"

"Ina majami'a, ni na buga ganga."

Rabin garin Madarumfa shaida ne, don Ruben bai iya bugu a hankali ba.

Sai Sa'idu makanike, wanda tun Juma'a yana garin Safo a ƙarƙashin motar wani, mai motar ma ya tabbatar.

"Malam Sa'idu, mai ne ya tsiyaye nan?"

Sa'idu ya dangwali farin abin ya shinshina. "A'a, shi mai, danƙo gare shi, yana kama ƙura. Wannan kumfar sabulun salo ce. Ana shafawa a ga ko gas na fita."

Zakari ya juya wurin Loisa. "Madam, ɓarawo kwancewa yake ya gudu. Wannan ya ɗaura wani a madadin, har ya tsaya gwadawa kada sanyi ya yanke miki. Yana da makulli, ya kuma san lokacin da kike majami'a. Wa kika sani haka?"

Ta ce mijinta kaɗai ke da ɗayan makullin.

Da suka yi cigiya, a bakin tabki suka sami Li'azaru, ya rame, yana ɗinke wa masunta koma. Bai yi musu ba. Ya ce hannu wofi ya dawo, kunya ta hana shi gida, shi ne ya sayar da kwamfureson don ya samu abin shigowa gida da shi.

"Za ki shigar da ƙara?" in ji Zakari.

Ko kallonsa ba ta yi ba, mijinta take kallo, hawaye na zuba. Ta kira shi da sunan 'yarsu.

"Baban Esther, ka zo har rumfa, ka tsaya shafa wa bututu sabulu, amma ka kasa ƙarasowa ɗakina?"