Gidan Ƙarshen Layi

Ana gab da magariba, wani dillalin gidaje yana zaune a barandar sabon gidan yana cire takalmi, matarsa tana kwashe shanya, sai dutse ya faɗo kan rufin kwano. Suka dubi juna. Wani ya sake faɗowa. Babu maƙwabci ko ɗaya a layin, gidajen duk sababbi ne, ko ledar ƙofofinsu ba a yage ba.

Kwanansu tara ke nan da tarewa. Mutum uku sun ga gidan sun yaba, har an sa ranar sa hannu, amma duk wanda ya koma dubawa da yamma, washegari sai ya bugo waya murya a sanyaye ya ce ya fasa. Shi ne manajan kamfanin da ya gina gidajen ya ce dillali ya zauna ciki da iyalinsa wata guda, mutane su ga haske a taga su daina surutu.

A yammar nan suka nemi Auta, 'yarsu mai karatun jinya, suka same ta a ƙaramin ɗaki ta kafa kunne a kan tayil, tana ƙoƙarin tona ƙasa har faratanta sun yi jini. Kwana uku ba ci, ba magana. Uwar ta ce, "Baban Auta, aikin nan naka zai cinye mini yarinya." Ya fita neman magani.

Ya ɗauko wani dattijon malami mai ruƙiyya. Bayan la'asar malam ya zauna gefen Auta yana karatu a hankali, har rana ta yi ja. Sai bakinta ya buɗe da muryar tsohuwa.

"Rijiya ce a nan, malam. Nan muke zaune. Motar gini ta cike ta da rana tsaka, ɗana yana barci a ciki."

"Masu saye fa, me kika yi musu?"

"Tambaya kawai. Na ce ko sun ji kukansa. Kowa ya gudu. Yarinyar nan kaɗai ta tsaya ta saurara."

"Ba ta da laifi. Ki ji tsoron Allah ki sake ta."

"A fasa mini wurin in duba. In na duba zan tafi."

Malam ya juyo ya dubi dillali. Dillali ya san gidan ba nasa ba ne, ya kuma san abin da zai biyo baya. Ya je ya ɗauko guduma.

Ya fasa tayil, ya fasa siminti, har jar ƙasa ta bayyana tana ƙamshin danshi. Auta ta tura hannu ciki, ta daɗe tana lalube. Sannan ta saki wani kuka siriri, irin na wadda ta riga ta san amsa.

"Babu shi," in ji muryar. "Ku yafe mini."

Yarinyar ta yi atishawa ta sulale a jikin uwarta.

Cikin makon manaja ya karɓe makullai ya sallami dillali daga aiki. Suna cikin motar kaya za su koma tsohuwar unguwarsu, Auta, wadda aka ce ba za ta tuna komai ba, ta taɓa hannunsa.

"Baba, an same shi?"

Ya riƙe hannunta.

"Ba a same shi ba, uwata."

Ta kwantar da kai a kafaɗarsa tana hawaye, ya ƙyale ta ta yi.