Motar Ƙarfe Biyar

Ranar da ta shigo ofishin tafiye-tafiyen, yana fama da firinta, hannunsa duk tawada. Ta ajiye fasfo a kan kanta, ta ce ita ɗalibar zanen gine-gine ce, za ta ƙasar waje ganin kangon wani tsohon ɗakin bauta da ke kan tsauni.

Shi mai yankan tikiti ne, bai taɓa hawa jirgi ba. Abin da ya sani game da wurin, a wani littafi da ke durowarsa ya karanta.

"Ki tafi da sassafe kafin duwatsun su ɗau zafi," in ji shi. "Takalmi mara santsi, ruwa gora biyu. Kada ki hau matakala bayan ruwan sama, kada ki ɗauko ko tsakuwa. Motar ƙarshe ƙarfe biyar take saukowa."

Ta yi murmushi. "Malam Taswira, sau nawa ka je?"

Ya kalli idonta, bakinsa ya riga shi. "Sau ɗaya."

Wata uku suna soyayya kafin ranar tafiyarta ta zo. Kullum yana shirin faɗa mata gaskiya, kullum yana tambayar kansa: in shawarar daidai ce, wa ƙaryar ta cuta? Mahaifinta kuwa, tsohon direban jirgin ƙasa, tun gaisuwar farko ya ce yaron bai kwanta masa ba, ba ya haɗa ido da mutum.

Kwana biyu da tafiyarta, ko azahar ba a yi ba a nan, can kuwa yamma ta yi, saƙonta ya shigo:

"Masoyi, na fito huɗu da rabi. Ba mota, ba kowa. Mai gadi ya kulle ƙofa ya tafi. A jikin allo an rubuta motar ƙarshe ƙarfe uku. Ina jin karnuka a bayan ginshiƙai. Cajina saura kaɗan."

Ya kira, wayar a kashe. Ya kira otal, aka ce ba ta dawo ba. Ya buɗe shafin farko na littafin. Shekara goma sha biyu da buga shi.

Da ya yi shiru, da ba mai sanin ƙaryarsa. Sai ga shi a falon mahaifinta, a durƙushe.

"Baba, ni na ce mata ƙarfe biyar. Ban taɓa zuwa ba. A littafi na gani."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. "Shekara talatin ina tuƙi, jadawalin bara ma ban taɓa yarda da shi ba. Zauna. Tare za mu jira."

Awa biyu suna jira. Mahaifiyarta na kai-kawo a bayan labule, tana addu'a ƙasa-ƙasa. Shi kuwa ba abin da yake gani sai ita, ita kaɗai a bakin ƙofar ƙarfe, rana na faɗuwa a kanta.

Sai baƙuwar lamba ta shigo wayar tsohon. Ita ce. Wata mai shara ta gan ta, ta tsayar mata da motar masu kwasar yashi. Tsohon ya yi hamdala, ya miƙa masa wayar.

"Ban taɓa zuwa ba," ya ce.

Ta ce, "Da ka ce a littafi ka gani, da na tambayi direba tun da safe. Don na yarda da kai ne ban tambaya ba."

Ta dawo, ta yi wata guda ba ta ɗaga kiransa. Mahaifin da ya ƙi shi ne ya sa baki. Ya ce mata wanda ya kawo kansa da ƙafarsa ya faɗi laifin da ba a kama shi da shi ba, ana iya ba shi amana.

Ran nan da hantsi saƙo ya shigo:

"Har yanzu ina jin haushinka. Amma Baba ya ce ka turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure tsohon ya riƙe hannunsa, bai saki da wuri ba.

"Abin da ba ka sani ba, ka ce mata ba ka sani ba. Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku duk inda kuka sa ƙafa."

Ya ɗago ya dubi surukinsa, ya ce, "Amin, Baba."