Kafin Ya Yi Ƙwari

"Wallahi in kika sake kuka zan cire rigar nan in tafi gida!" in ji Rediyo, alhali ita ce hawaye ya wanke wa kwalli har haɓa.

Auta ta yi murmushin yaƙe. Tun shigowarsu makarantar koyon injiniya suke ɗaki ɗaya da Rediyo, wadda bakinta ba ya hutawa ko cikin barci. Yau an yaye su. Katifu a naɗe, akwatuna a bakin ƙofa, gobe war haka kowa ya kama gabansa.

Amma ba rabuwar kaɗai ke damun Auta ba.

Mama na can bakin get cikin motar Yaya, wan Auta, tana jira. Jiya ta ce mata, "Ki kawo min yaron nan in gan shi. In hankalinki ya kwanta da shi, nawa ma ya kwanta." Yau ɗin nan za a san ko Auta za ta auri Walƙiya ko ba za ta aure shi ba.

Sai ga shi ya faɗo da gudu, hular yaye a karkace. Ba a banza ajinsu suka sa masa wannan suna ba, shi ne farkon fita jarrabawa, shi ne farkon gama cin abinci.

"Zuciyata, ku taso! Mai kula da ɗakin gwaji zai rufe, saura namu bulon!"

Ɗaliban ajin gini suna da wata ɗabi'a tasu. A zangon ƙarshe aminai kan kwaɓa kankare su zuba ɗan bulo, kowa ya danna babban yatsansa a kai, a jefa shi tankin ruwa ya yi makonni yana ƙwari. Ranar yaye sai a sa shi a injin gwada ƙarfi a fasa, kowa ya tafi da gutsurensa. Su uku suka zuba nasu, Auta ce ta auna komai da hannunta.

Ɗakin gwajin ya yi tsit, sai ƙamshin siminti da ɗigar famfo. Tankin duk an kwashe, ruwan ya yi kore. Auta ta naɗe hannun riga za ta laluba.

"Bar shi, ga shi nan," Walƙiya ya ce, ya zaro bulon daga jakarsa.

Ta tsaya da hannu a sama. "Yaushe ka ciro shi?"

"Ke dai zo mu gani."

Mai kula da ɗakin ya daidaita bulon tsakanin ƙarafan injin, ya kunna. Rediyo ta riƙe hannun Auta, ta riƙe na Walƙiya.

"Duk wanda ya manta da ni, Allah Ya haɗa shi da maigida mai rowa!" in ji Rediyo.

Suka yi dariya. Allurar agogon injin ta fara hawa a hankali. Auta ta san inda ya kamata ta kai, ita ta yi lissafin.

Ko kusa ba ta kai ba.

Ƙas! Bulon ya tsage, gefensa ya zube kamar busasshen burodi. Rediyo ta yi shiru, abin da ba a taɓa gani ba.

Auta ta durƙusa ta ɗauki gutsure, ta murza. Ya zama gari a yatsunta, cikinsa fari fat.

"Wannan bai sha ruwa ba..." ta ce a hankali. "Yaushe ka cire shi?"

Ya sosa ƙeya yana murmushi, murmushin nan da ya sace mata zuciya tun suna aji biyu. "Tun satin farko. Na kasa haƙuri ne, masoyiya. Yatsanki na kai, na ajiye shi kusa da gadona ina kallo. Laifi ne don na so ki?"

"Ka san bai yi ƙwari ba."

"Haba! Ya bushe fa, na ƙwanƙwasa na ji. 'Yan kwanaki ne kawai na rage."

Kai, da ya san abin da ya faɗa, da ya haɗiye harshensa.

Baban Auta kafinta ne na masu gini. Tana 'yar ƙarama aka zuba rufin kankare a wani bene, injiniyan wurin ya ce a cire katakan da suka tokare shi, ana sauri, ai ya bushe. Baba ne a ƙasa yana cirewa, rufin ya rufta masa. Takalminsa ɗaya aka fara kawo wa Mama. Abin da ya kawo Auta makarantar nan ke nan, kuma Walƙiya ya sani, a kafaɗarsa ta yi kukan ba shi labarin.

"Wata mai zuwa za ka fara aiki a kamfanin kawunka," ta ce. "In ya ce maka lokaci ya ƙure, a cire tokara... me za ka ce?"

"Wannan daban, wancan daban. Wasa ne fa wannan!"

"Na tambaye ka, me za ka ce?"

"In na duba na ga ya bushe..." Ya tsaya. Ya ga fuskarta. "Auta, kada ki yi min haka. A kan ɗan bulo?"

Ta jira. Wallahi ta jira ya ce ya yi kuskure, ko da baki ne kawai, da ta karɓa da hannu biyu don tana son sa kamar ranta. Shi kuwa agogonsa ya duba.

"Mama na jira, mu yi sauri. Ma ƙarasa maganar a hanya."

Rediyo ta tsince gutsattsarin, ta miƙa wa kowa mai yatsansa. Na Auta ya rabe biyu.

Suka fito. Harabar cike da iyaye da masu ɗaukar hoto, ana rungume-rungume ana kuka. Hadari ya haɗo ta bayan ginin ajinsu, iska na kwasar hulunan yaye. A gindin matakala Rediyo ta ƙanƙame ta.

"Ƙawata, ki yi tunani," ta raɗa mata. "Yana son ki fa."

"Na sani. Shi ya sa nake jin tsoro."

"Ki kira ni kullum, kin ji? Ko ba ki da abin faɗa, ni ina da shi."

Walƙiya ya riga su isa motar, ya rusuna yana gaida Mama. Mama ta leƙo ta taga, fuskarta a sake, ta dubi saurayin sama da ƙasa, sannan ta dubi 'yarta.

"Auta, shi ne?"

Auta ta matse gutsuren a tafin hannunta har ya ruguje. Ta kalli hannuwan Mama da suka yi shekaru suna wankau don a biya mata makaranta. Ta hango kanta a wani gida tana jiran waya, ba ta san ko mijinta ne a ƙasan rufin ba, ko shi ne ya ce a cire tokarar a kan baban wata.

"A'a, Mama. Ɗan ajinmu ne. Ya zo mana sallama."

"Auta...!" in ji Walƙiya.

Mama ta kalli 'yarta. Ta juya gare shi. "Allah Ya yi maka albarka, ɗana. Allah Ya tsare ka, Ya tsare waɗanda za su yi aiki a ƙarƙashinka."

Auta ta shiga baya ta ja ƙofa. Yaya ya tada mota, ruwa ya fara sauka. Ta madubi ta gan shi tsaye a inda suka bar shi, bai motsa ba, shi da bai taɓa iya tsayuwa wuri ɗaya ba.

Mama ta miƙo hannu baya ta kama nata, ta ji gari.

"Mene ne wannan a hannunki?"

"Siminti ne, Mama," ta ce, sai kukan ya ƙwace mata.