Jakar Ƙuri'un Laburare

Da safiyar Laraba, washegarin zaɓe, aka kira Sufeto Lavonne Tackett ofishin zaɓe na gunduma. Jakar ƙuri'un da aka kwaso daga akwatin jefa ƙuri'a na laburare ta iso babu ƙuri'a ɗari biyu da sha biyu. Tazarar 'yan takarar shugaban gunduma kuwa casa'in ce kacal.

A waje jama'a na ta ihu a kori shugabar ofishin, Imelda Quiroga. Jam'iyyu biyun duka sun sa hannu a takardar neman tsige ta.

"Wace jam'iyya kike?" Sufeto ta tambaye ta.

"Ranar da na karɓi aikin nan na fita daga kowacce. Shi ya sa kowa ya tsane ni daidai wa daida."

"Wa ya kwaso jakar?"

"Merle Ostrander da Bettina Pruitt. Doka ta ce mutum biyu, jam'iyya daban-daban, mota ɗaya."

Imelda ta miƙa mata takardar rakiyar jakar, wadda masu kwasowa ke sa wa hannu. Sa hannu biyu, ƙarfe huɗu na yamma. Takardar ta sha ruwan sama.

Sufeto ta sami Merle a gonarsa, dattijo mai shekara saba'in, yana gyaran shinge.

"Tare kuka tafi?"

"Shekara ashirin da biyu muna tafiya tare, 'yata. Tana zagin jam'iyyata, ina zagin tata, mu tsaya mu sha kofi."

Ta leƙa motarsa. Buhunan abincin kaji sun cika kujerar gefen direba har rufi, ƙura ta lulluɓe su. Babu wanda ya zauna nan jiya.

Bettina tana kicin lokacin da Sufeto ta ajiye takardar a gabanta.

Sufeto ta ce, "Sa hannun Merle ya karkace yana kauce wa jiƙaƙƙen wuri. Naki ruwa ya same shi a rubuce. An fara ruwan ƙarfe uku da rabi, ke nan ba ƙarfe huɗu kika sa hannu ba."

Bettina ta kashe murhu. "Jiya ne ranar wankin ƙodar mijina Floyd. Na sa hannu tun da rana na tafi asibiti." Ta zauna. "Merle ne fa. Shi ke kai Floyd asibiti duk ranar da motata ta ƙi tashi."

An samu ƙuri'un a rumbun Merle, cikin wani buhu, ambulan duk a liƙe. Aka kawo shi ofis tare da su.

"Unguwar laburare ba ta taɓa zaɓen namu ba," in ji Merle. "Na ga babu Bettina a motar, na ce sau ɗaya dai."

"Tsohon banza," in ji Bettina daga bakin ƙofa. "Da amanata ka yi sata."

Bai dube ta ba. Imelda ya duba. "Ke ma ai kin san wa aka zaɓa a cikin ambulan ɗin nan."

"Ban sani ba, Malam Ostrander. Sai an ƙirga."

Sufeto ta sa masa ankwa, ta fita da shi ta ƙofar baya.

Da ta dawo, ihun na nan. Ta ce wa Imelda ko za ta fita ta shaida musu an wanke ta.

"Rabinsu za su ci gaba da ihun in sakamako ya fito," in ji Imelda. Ta ɗauki waya ta kira shugabannin jam'iyyun ɗaya bayan ɗaya, ta ce kowa ya turo wakili ƙarfe biyu a ƙirga ƙuri'un a gabansa, wanda ya makara da minti ɗaya za ta rubuta sunansa.