Jirgin Yaya Sama'ilu

"Na ce ki ɗauke mini abin nan daga gabana, Shatu!"

"Haba Inna, kyauta fa ya aiko miki. Tun kafin damina yake aikinsa—"

"Kyauta? Makara ce kyauta? Buɗe idonki ki dube shi da kyau, sannan ki gaya mini mai cikakken hankali ne ya yi wannan!"

Shatu ta dubi abin da ke kan faifai a tsakiyar tabarma. Ɗan jirgin yaƙi ne, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, fukafukansa sun karkata baya kamar na tsattsewa, ga tambarin kore-fari-kore a kowane gefe. Halliru, saurayinta, shi ya sassaƙa shi da katakon akwatin shayi, ya lulluɓe shi da takardar taba mai ƙyalli, ya bi da fentin azurfa. Da a nan ya tsaya, da ba a ji kan kowa ba. Amma sai da ya gama shi fes, sannan ya koma ya tsufar da shi da gangan: baƙin hayaƙi a wutsiya, ƙarce-ƙarce a gindin fiffike, jar ƙasa a tayoyi. Daga bakin gurbin matuƙi kuma, ta hannun hagu, wani jan ziri ya gangaro, ya bushe, ya yi duhu.

Zirin nan Inna Kaltume take nunawa da yatsa.

"Wannan jini ne ko ba jini ba ne?"

Shatu ta sunkuyar da kai. Ita ma tun da ta fara ganin zirin yake damunta.

"Shi ya ɗaure wa yaron nan kusoshin jirgi, shi ya ɗaga masa hannu, shi ya dawo da ƙafafunsa ya kawo mana akwati babu mai shi. Duk na haɗiye. Yanzu kuma ya zauna ya zana mini jininsa, ya aiko a faifai sai ka ce waina! Wallahi in dai ni na haife ki, ba ke ba shi!"

Yaron nan, shi ne Sama'ilu, yayan Shatu, matuƙin jirgin yaƙi da ya tashi wata safiya a lokacin yaƙin Biyafara bai sauka ba har yau. Ba a ga gawa ba, ba a ga ko takalmi ba. Shi ne ɗan fari, Inna kuwa Bafillatanar Gwiwa ce ta asali, mai kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba. Ranar da ya zo sallama cikin kakinsa, bango ta kalla ta ce a sauka lafiya. Ranar da aka kawo labari kuma, maƙwabta suka fi ta kuka. Ita dai ta tashi ta ɗora wa masu gaisuwa tukunya.

Halliru mutumin Roni ne, saje ne a sojan sama, shi ne makanikin jirgin Sama'ilu. Da aka gama yaƙi ya ajiye kaki, ya kama koyar da aikin hannu a firamare a nan Kazaure. Duk Juma'a sai ya jingine kekensa a ƙofar gida ya shiga zaure ya gai da Malam Hussaini, mahaifinsu Shatu. Ba ya dariya, ba ya dogon zance. In aka tayar da injin niƙa a bayan layi, sai ka ga ya daskare da kofin ruwa a hannu, idonsa a sama, leɓensa na motsi kamar mai jiran wani ya sauko.

Shatu ce ta fara sa shi dariya. Ta dawo hutu daga kwalejin horon malamai, shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, ta kawo masa fura a zaure, ba ta san lokacin da ta toshe hanci ta kwaikwayi shugabar makarantarsu ba: "Ayeeshatoo! Tsaya sitiret! Ke ba raƙumi ba!" Furar ta fito wa Saje ta hanci. Daga ranar nan, zuwan Juma'a kaɗai ya daina isarsa.

Ta taɓa tambayarsa, wata la'asar da ya zo zance da jirgin a cikin kwali, da ɗan burushinsa na gashin jelar akuya.

"Don Allah, Saje, me ya sa kake ɓata abu bayan ka gyara shi? Jiya yana ƙyalli, yau ka tura shi kan fitilar aci-bal-bal."

"Ba jirgin kanti nake yi ba, Shatu. Nasa nake yi." Ya ɗauki allura ya ja wani ɗan ƙarce a gindin fiffike. "Nan takalminsa ke gogawa in zai hau. In na rufe ido ina ganin kowane tabo, suna ta yawo a kaina. Wanda duk na mayar inda yake, sai ya ƙyale ni."

Ta ga jan zirin a ranar. Tsoro ya hana ta tambaya.

Yanzu ga shi zirin ya raba aure. Malam Hussaini, magatakardan hakimi ne, ya saba sasanta manoma da makiyaya, amma ya kasa sasanta ɗakin matarsa. Ya yi lallashi, ya yi nasiha, daga ƙarshe ya kira Shatu ya ce, "Yaron kirki ne, na sani. Amma ba na aurar da 'ya a kan hawayen uwarta. Ki yi haƙuri."

"To, Baffa," in ji Shatu. Ta koma ɗaki ta cusa kai cikin filo.

Gidan ya yi tsit kamar an sake kawo labarin rasuwar. Shatu ta daina kwaikwayon kowa. Ko Gwaggo Tasalla, yayar Malam, tsohuwar da kunnenta ke jin abin da ya ga dama kawai, sai da ta ce, "Wai 'yar nan an ɗinke mata baki ne? Na kwana biyu ban ji ana yin muryata ba." Inna kuma, duk da ta ce a ɗauke mata jirgin, ita ce ta shigar da shi ɗakinta ta tura ƙarƙashin gado. In jirgin fasinja ya gifta can sama zai sauka Kano, sai taɓarya ta tsaya a hannunta har ƙarar ta ɓace.

Ran Alhamis da hantsi Shatu ta zagaya bayan rumbu ɗebo itace, ta tsaya cak.

Inna ce durƙushe gaban ƙwarya. Ta jiƙa ganyen magarya, ta saka kafur, warinsa ya cika wurin, irin warin gidan da aka yi mutuwa. Jirgin na kwance a cinyarta. Tana wanke shi a hankali, dama kafin hagu, tana goge jan zirin da bakin zanenta, tana magana ƙasa-ƙasa da Fillanci irin maganar da ake yi wa jariri. Ruwan ƙwaryar ya yi baƙi. Da ta gama ta tsane shi, ta naɗe shi cikin farin alawayyo, ta ƙulle kai da ƙafa.

Tsigar jikin Shatu ta tashi. Ta ja da baya a kan yatsun ƙafa, ta manta da itacen.

Kashegari bayan an sauko daga masallaci Halliru ya zo. Malam ya ce shi da bakinsa zai gaya masa an fasa auren, don yaron ya wuce a aika masa ɗan aike. Inna ta miƙa wa Gwaggo Tasalla ƙunshin.

"Kai masa. Shi ya san inda ya faɗi, ya je ya binne da hannunsa."

Gwaggo ta shiga zaure tana dogara sanda. Inna ta tsaya bayan asabarin ƙofar cikin gida, wai tana gyara shanya. Shatu ta laɓe a bayanta, tana leƙe ta tsakanin tsinkayen asabari.

Malam ya yi gyaran murya ya faɗi abin da zai faɗa. Halliru ya saurara kansa a ƙasa.

"Na ji, Baffa. Allah ya sa haka ne alheri. Ba zan daina zuwa gaishe ku ba, in an yarda mini."

Sannan ya kwance ƙullin alawayyon. Jirgin ya fito fari tas, yana ƙyalli, babu hayaƙi, babu jar ƙasa, babu komai. Halliru ya daɗe yana kallonsa. Gumi ya keto masa.

"Wannan ba nasa ba ne," ya ce a hankali. "Baffa, wa ya goge goron?"

"Wane goro?"

"Na nan gefen. Jan nan da ya gangaro."

Malam ya gyara zama. "Halliru, ba jini ka zana ba?"

"Jini?" Ya ɗago a firgice. "Subhanallahi! Baffa, ni ban taɓa ganin jininsa ba. Lafiya lau ya tashi, yana tsokanata. Goro ne! Kafin ya ja gilashi ya rufe kansa, sai ya tauna goro don kada gyangyaɗi ya ɗauke shi, ya tofar ta hagu, iska ta ja shi a jikin jirgi. Kwamanda ya yi faɗa har ya gaji. In na ɗauko tsumma sai ya ce, 'Bar shi, Saje, goron Inna ne, shi ke dawo da ni.' Shi ya sa ban sa fenti a wurin ba. Goro na tauna na ɗiga."

A bayan asabari, zanen da ke hannun Inna ya faɗi ƙasa.

"Goron Inna kuma?" in ji Malam. "Ai Yaya Tasalla ke aika masa goro. Duk sojan da zai koma kudu, da sunanta ake ba shi ƙunshin."

Abin mamaki, wannan kunnen Gwaggo ya ji shi sarai.

"Ni? Ni Tasalla? Na samu goro in aika wa wani? Ka taɓa ganin na ba ko limami ɓari?"

Halliru ya yi murmushi, hawaye na bin kumatunsa. "Haka ya ce. Ya ce Gwaggo ko ɓawo ba ta bayarwa. Kuma ƙullin ganyen, ƙullin Inna ne, irin wanda take yi wa man shanu. Tun ƙunshin farko ya gane. Ya ce kada in gaya wa kowa, kada ta ji kunya."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Inna, wanda Shatu ba ta taɓa ji ba tun da aka haife ta. Ta zame ta zauna a ƙasa, ta kama asabarin da hannu biyu. Kukan da ba ta yi ranar da aka kawo akwati ba, shi ta yi ranar nan, har maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga. Shatu ta rungume ta suna yi tare.

"Ya sani," Inna take ta faɗa. "Ashe ya sani, Shatu. Na ɗauka ya tafi yana cewa ban damu da shi ba."

Da kukan ya lafa, ta share fuska, ta ja mayafi ta rufe kai. Surukar kirki ba ta haɗa ido da mai neman 'yarta, don haka hannu kawai ta zura ta ƙarƙashin asabari.

"A miƙo mini shi."

Aka miƙo jirgin. Ta kwance bakin zanenta ta ciro jan goro, ta ɓara, ta tauna. Ta tsoma tsinken tsintsiya a bakinta ta kai gefen gurbin matuƙi, ta tsaya.

"Saje."

"Na'am, Inna."

"Daga ina yake farawa?"

"Daga bakin gilashin, Inna. Ya ɗan karkata baya, yadda iska ke ja."

Ta ja zirin a hankali. Ya fito a karkace, ya fi na da kauri. Halliru ya leƙa ya ce wallahi haka yake, har ya fi nasa kama.

"Sauran dattin da na wanke fa?"

"Zan mayar, Inna, in kin ba ni izini."

"Ka riƙa zuwa kana mayarwa a nan zauren, kana faɗa mini na mene ne, ɗaya bayan ɗaya." Ta gyara mayafinta. "Ka yi sauri dai. Bayan kaka ba za ka samu sukuni ba, da hidimar biki a kanka."

Malam Hussaini ya ɗaga hannu sama ya ce alhamdulillahi. Shatu ta cusa fuska a bayan Inna, kunya da daɗi sun hana ta numfashi.

Ku 'yan'uwana 'yan mata, ku duba ku gani. Da Shatu ta ɗaga wa uwarta murya, ko Halliru ya hau kekensa cikin fushi, da Inna ta mutu da wannan ƙullin a zuciya, su kuma sun rasa juna. Sun yi biyayya, sun yi haƙuri, Allah ya buɗe musu ta inda ba su zata ba. Kuma kafin ku yanke wa mutum hukunci a kan abin da idonku ya gani, ku buɗe baki ku tambaye shi. Tambaya ɗaya da Shatu ta ji tsoron yi, ita ta kusa cinye mata aure.

Aka shafa fatiha a zauren. Malam ya ɗora jirgin a tafin hannunsa yana juya shi, ya ce, "Yaya Tasalla, ke ce babba. Ba ki sa albarka ba."

Gwaggo ta matso, ta ƙanƙance ido ta leƙa cikin ɗan gurbin matuƙin, ta daɗe tana nazari.

"To, ni dai in za a tashi da shi, a sauke ni a Babura."