Ɓarawon da Ya Rufe Kwano

Ƙarfe biyu da rabi na ranar Laraba aka kira Sufeto Abdulwahid zuwa Adjamé Liberté. An sace kwamfuta.

Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman shagon atamfa. Mai shi, Raliya, ita ke tafiyar da wani ƙaramin shafin intanet mai suna Mu Ci Tare. Mutum ya sa sunansa, ita kuma ta haɗa shi da wanda bai taɓa gani ba, ta zaɓa musu wurin cin abincin rana. Abidjan cike take da jama'a, amma masu cin abinci su kaɗai ba sa ƙirguwa.

"Shef, ba kwamfutar ce damuwata ba," in ji Raliya, idonta jawur. "Lambobin mutum ɗari uku ne a ciki, rabinsu mata. Na yi alkawari ba wanda zai ga lambar wani. In ba a same ta zuwa gobe ba, dole in gaya musu, in rufe shafin."

"Yaushe kika fita?"

"Na sauka sallar azahar. Minti goma, wallahi."

Sufeto ya duba ɗakin. Wayarta na kan tebur, cajar kwamfutar na jikin bango. Ya ɗaga faranti daga kan wani kwano, ya ga shinkafa da miyar gyaɗa.

"Ke kika rufe wannan?"

"A'a. A buɗe na bar shi."

Shekararsa goma sha tara yana aikin ɗan sanda, bai taɓa cin karo da ɓarawon da ya ji tausayin abincin wanda ya yi wa sata ba.

Ya zarce layin masu gyaran waya, inda duk kayan sata ke fara yada zango. A rumfa ta huɗu ya tsaya gaban Kamilu, wanda bai iya ƙarya ba amma bai taɓa fasa gwadawa ba. Ya tambaye shi labarin kwamfutar.

"Yau ko ordinatar ɗaya ban gani ba, shef."

"To, tashi mu je komisariya, can ofishinmu akwai fanka, za ka tuna."

Nan take Kamilu ya tuna. "Wani tsoho ne. Na ce ya sayar mini, ya ƙi. Na ce in goge masa komai, ya kusa marina. Wai lamba ɗaya kawai yake so in karanto masa. Na ce akwai kod, ba ta buɗuwa. Ya naɗe ta cikin buhu ya tafi."

"Kamanninsa?"

"Dogo, da farar hula. Yatsansa ɗaya na hagu guntu ne."

Sufeto ya maimaita wa Raliya a waya.

"Baba Uwaisu ne," ta ce a hankali. "Tsohon mahauci. Tun da matarsa ta rasu abinci ya daina shiga masa, ni da kaina na sa sunansa. Sau uku yana zuwa neman lambar wanda na haɗa su makon jiya, ina hana shi."

"A ina suka ci?"

"Wurin wata mai acheke, dambun rogon nan, da kifi, a Treichville."

Sufeto ya biya ya ɗauki Raliya, tare suka haye gada zuwa Treichville. Sun same shi a bencin ƙarshe, abinci a gabansa bai taɓa ba, buhu a tsakanin ƙafafunsa.

"Sannu da hutawa, Baba. Me ke cikin buhun?"

"Nama ne."

"Nama a wannan zafin, ko ƙuda ɗaya bai bi shi ba?"

Tsohon ya dubi buhun, ya dubi Raliya, ya sunkuyar da kai. Ya tura buhun gaban Sufeto da hannu biyu.

"Ni na ɗauka. Na je roƙo karo na huɗu, na tarar ba kowa."

"Me kake nema wurin mutumin?"

"Lukumanu sunansa, direban tirela. A nan muka zauna. Loma uku ya yi ya tsame hannu, ya ce za a yi masa aiki a ciki ranar Litinin, kuma ba shi da kowa a garin nan. Dariya yake yi yana faɗa. Hira ta ɗauke mu, sai da ya shiga mota na tuna ban tambayi asibitin ba." Ya dubi Sufeto. "Asibiti biyu na zaga, suka ce Lukumanu wa? Ban san sunan ubansa ba. Mun sa hannu a kwano ɗaya, shef. Ta yaya zan bar shi ya farka ba kowa a kansa?"

"Baba, me ya sa ba ka gaya mini haka ba?" in ji Raliya.

"Ciwonsa sirrinsa ne, 'yata. Ni ya gaya wa."

Tausayi ya kama Sufeto, har ya rasa inda zai sa idonsa. Raliya ta buɗe kwamfutar a kan benci. Ba a taɓa komai ba, lambobin mutanenta suna nan a rufe.

"Lambar ba zan ba ka ba," ta ce. "Amma ba wanda ya hana ni kiransa in tambaye shi."

Wayar ta daɗe tana ringi. Baba Uwaisu ya riƙe gefen benci. Can wata murya ta amsa, a shaƙe, da ƙyar take fita. Raliya ta yi bayani.

"Tsohon nan mai guntun yatsa?" in ji muryar, sannan ta faɗi sunan asibitin. "Ki ce masa ɗaki na shida. Tun da aka fito da ni ba wanda ya leƙo."

Tsohon ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa na rawa.

Sufeto ya bari ya natsu, sannan ya miƙe. "Baba, an riga an rubuta ƙara, dole ka bi ni komisariya ka ba da bayani."

Baba Uwaisu ya tashi, ya miƙa hannuwansa biyu. Sufeto bai ciro ankwa ba. Ya kama shi ta gwiwar hannu, ya kai shi mota, ya zaunar da shi a gaba.

"Asibiti tukuna," ya ce wa direbansa. "Ka yi sauri, ƙarfe biyar suke rufe ziyara."